Gyara a Baya, Ciwo a Gaba: Abin da Ke Sa Kan Mashin Rawa

Da wuya mashin ya shekara a ƙasar Kazaure yana nan yadda ya fito daga kwali. Kafin a tsiyaye masa baƙin mai na uku, mai walda ya riga ya taɓa shi. An cire kariyar kamfani an ɗaura ta rodi, mai faɗi, wadda ta zarce fitilar baya da kusan taƙi guda. An ƙara shakazoba ɗaya a kowane gefe sun zama 4, ko an samo dogaye na wani mashin daban an sa. Wasu har sifok ɗin ƙafar baya suke canzawa da masu kauri. Kuma ba ƙwalisa ce ta sa ba. Boxer ɗin da ka gani a tashar Roni ko a bakin kasuwar Babura, shi ke kai taki gona da damina, shi ke fito da gero da riɗi da kaka, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni cikin Janairun 2013, mashina da yawa sun gangaro garuruwa irin namu. Da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kowa ya koma neman yadda zai kwashe a sawu ɗaya abin da a da yake kwashewa a sawu biyu.

Duk wannan aiki a baya ake yin sa. Amma je ka zauna a rumfar bakanike ka saurari ƙorafin masu zuwa, za ka ji kusan duk a gaba yake. Wannan ya ce kan yana rawa in ya saki totur. Wancan ya ce yana jan gefe. Wani ya ce kan ya yi nauyi, sai ya sa ƙarfi kafin ya sha kwana, wani kuma ya ce nasa ya yi sakayau, ko tsakuwa ya taka sai ya zabura. Bakanike ya ɗaure notin wuya, ya canza boris, ya ƙara iska, mai mashin ya biya ya tafi, bayan sati ya dawo da magana ɗaya.

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo ce, ita ke yawo da ni tsakanin Gwiwa da Roni da Kazaure har Babura, kuma na ɗan taɓa karatun injiniya kafin kasuwa ta ɗauke ni. Abin da na lura da shi shi ne, mutanenmu sun san nauyi, sun san ƙarfin ƙarfe, amma ba su ɗauki tsayin mashin a bakin komai ba. Alhali santimita 2 ko 3 da aka ƙara a baya sun isa su canza halin kan gaba ɗaya.

Tsaya a gefen mashin ka dubi shakazobar gaba. Ba a miƙe take tsaye cak ba, ta kwanta baya, ƙafar ta yi gaba. Wuyan firam, wato bututun nan da kan ke juyawa a cikinsa, shi ma haka ya kwanta. A ƙananan mashinan aiki irin namu, kwanciyar ba ta cika fita daga digiri 25 zuwa 28 ba. Na tsere sukan sauko wajen 23 ko 24 don su yi saurin juyawa, dogayen nan na Amurka masu miƙaƙƙen gaba kuwa har 40 suna wucewa, shi ya sa ba sa iya kwana a lungu.

Yanzu ɗauki miƙaƙƙiyar sanda ka jera ta da wuyan, ka gangara da ita har ta taɓa ƙasa. Sa alama a wurin. Sai ka ɗaura noti a zare, ka sako shi daga tsakiyar kusar ƙafar gaba, ka sa alama ta biyu. Nan ne taya ke taka ƙasa. Za ka ga alamar sanda tana gaba, ta taya tana baya, da 'yar rata tsakaninsu wadda ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, santimita 8 zuwa 10 a yawancin mashinanmu. Wannan rata ita ce ke riƙe da ran mai tuƙi.

Dalili kuwa, tayar gaba jan ta ake yi, ba tura ta ba, ko da yake ido ba ya nuna haka. Yaron da ke jan motar gwangwani da zare bai damu da saita ta ba, duk inda ya nufa za ta miƙe ta bi bayansa. Haka taya take bin wuyan mashin. In dutse ya kaɗe ta ta karkace, ƙasa da kanta ke murɗo ta ta koma saiti. Shi ya sa yaro ke iya sakin kai a titin Daura yana gyara hula mashin bai kauce ba. In ratar ta yi yawa, mashin zai miƙe sosai amma kan ya yi nauyi. In ta yi kaɗan, kan zai yi sauƙi, sauƙin da ke daɗi a cikin gari, amma da an ɗauki gudu sai ya zama abin tsoro.

Ga lissafin da ya kamata kowane bakanike ya haddace. Tsakanin kusar gaba da ta baya a irin su Boxer da TVS da Haojue, santimita 125 ne zuwa 130. A wannan tsawo, duk santimita 2 da 'yan kai da ka ɗaga baya, ko ka sauke gaba, wuya zai miƙe da digiri 1. Kowane digiri kuma yana cin milimita 5 zuwa 6 na rata. To, mutumin da ya sa dogayen shakazoba suka ɗaga masa baya da santimita 5, ya rage fiye da digiri 2, ya zubar da milimita 12 ko 13. Daga cikin milimita 90 na ratar ke nan. Bai taɓa gaban mashin da sifana ba, amma ya sake masa kai.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne, mashin ɗin da aka yi wa wannan gyara hali biyu gare shi. Da safe, in an ɗora masa buhu biyu daga ƙauye, bayan ya zauna, wuya ya koma kusa da yadda kamfani ya tsara, tafiya ta yi daidai. Da yamma an sauke kaya, mai shi ya kamo hanyar gida shi kaɗai, aljihu da nauyi, zuciya wasai, hanya kuma fayau. A lokacin ne bayan ke sama, ratar ta ragu, shakazoba 4 sun ƙi lotsawa saboda babu nauyin da zai danna su, ƙafar baya tana tsalle a kan gargada. Kuma a lokacin ne yake murɗa totur. Ni dai mafi yawan faɗuwar da na ji labari a bakin direbobin kayana, ba da kaya a kai ta faru ba, a hanyar dawowa ce.

Wanda bai ƙara shakazoba ba kuma nasa ciwon daban. Buhun gero cikakke yana kai kilo 100, mashin ɗin kansa bai fi kilo 110 zuwa 125 ba. Ka ɗora buhun a kariyar da ta zarce, tsakiyar nauyinsa ya faɗi santimita 25 a bayan kusar baya, to ka ɗage wa ƙafar gaba kusan kilo 20 ke nan daga ɗan nauyin da ke danne ta da ƙasa. Bayan ya durƙusa, wuya ya ƙara kwanciya, rata ta ƙaru, a takarda sai ka ce ai ya fi miƙewa. Ina! Tayar da ba ta danne da ƙasa ba ta da bakin magana, komai yawan ratarta. Direban da ka gani ya hau kan tanki, gwiwoyinsa na gogar kai, ba wauta yake ba, jikinsa ne ya gane lissafin kafin kansa. Da ma za a riƙa matso da kaya gaba, buhu na farko ya hau kujerar fasinja daidai saman kusar baya, da rabin matsalar ta kau ba a kashe ko sisi ba.

Rawar kai ba aljanu ba ce, ba kuma sabon abu ba ce. Wani injiniya ɗan Ingila, Robin Sharp, ya yi lissafinta tun 1971, ya nuna iri biyu ce. Akwai ta kai zalla, mai sauri, inda ƙafar gaba ke kaɗawa hagu da dama sau 6 zuwa 10 a daƙiƙa ɗaya. Ita ce ke zuwa a matsakaicin gudu, galibi in an saki totur kuma hannu ɗaya ne a kai. Akwai kuma ta jiki duka, mai nawa, sau 2 ko 3 a daƙiƙa, inda bayan mashin ke lilo, ita sai an ɗauki gudu sosai. Kaya a can ƙarshen baya yana tsokano su duka biyun. In ta kama ka, kada ka daddage hannu, kada kuma ka cafki birkin gaba. Kwanto da ƙirji wajen tanki, ka rage wuta a hankali.

Akwai wani dattijon bakanike a Kazaure da nake kai wa mashin, wanda ya fara aiki tun zamanin da Honda CG125 ke tashe. Wannan mashin, da ya fito a 1975, Honda ta ƙera shi ne musamman saboda ƙasashe irin namu inda ake lodi ba a kula da sabis, kuma har gobe zubinsa ake kwaikwaya. Ranar nan wani saurayi ya turo nasa, gaban ya yi ƙasa har marufin ƙafa na neman taɓa firam.

"Baba, so nake a ƙara sauke shi kaɗan, ya yi irin zaman nan."

Dattijon bai ce komai ba. Ya kama birkin gaba, ya danna kan da ƙarfi sau ɗaya. Ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwas.

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Wa ya yanke maka sifirin?"

Yaron ya sunkuyar da kai yana murmushi. Dattijon ya ce, "Ɗana, wannan ƙarar a tsaye ka ji ta. Ranar da za ka ji ta a guje, akuya ce ta gifta maka, kuma ba ni za a kawo wa kai ba."

Gaskiyarsa. Duk sanda aka taka birki, nauyi yana zubowa gaba, shakazoba ta nitse, wuya ya miƙe, rata ta ragu. Kamfani ya san da haka, ya bar sarari domin sa. Wanda ya yanke sifirin ya cinye sararin tun mashin na tsaye. Samarin da ke wasa da mashin a rakiyar amarya suna son saukakken gaba domin yana juyawa kamar walƙiya a fili. Ban ga laifin sha'awa ba, kowa ya yi ƙuruciya, amma mashin ɗin da aka gyara don zagaye a filin biki bai dace da titin Kano zuwa Daura ba, inda tirela ke wuce ka da iskarta.

A manyan mashina na waje, sauke gaba abu ne mai sauƙi: a sassauta kusoshin da suka riƙe bututun shakazoba, a zura su sama milimita 5, a ɗaure. Masu tsere da milimita suke magana, kuma santimita 1 a wurinsu babban canji ne, don yana rage kusan rabin digiri. Namu ba haka aka yi yawancinsu ba. Bututun a ɗaure yake da kusa ta saman farantin kai, ba ya zuruwa, a mashin roba-roba kuwa daga ƙasa kawai aka riƙe shi. Saboda haka a nan, tsayin gaba ta hanya huɗu yake canzawa, ko da niyya ko ba da niyya ba: sifirin, abin da aka cusa a samansa, mai, da girman ƙafa.

Sifirin yana gajiya. Mashin ɗin da ya yi shekaru yana bin burji da lodi, gabansa ya riga ya sauka da kansa, mai shi bai sani ba saboda a hankali abin ya zo. Maganin da aka saba shi ne a buɗe sama a jefa tsohon noti ko guntun bututu a kan sifirin. Wannan yana ɗaga gaba, gaskiya ne, amma ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi ko kaɗan, inda yake fara aiki kawai ya matsar. In an yi shi da awo, santimita 1 ko ƙasa da haka, kuma tsayi ɗaya a ɓangarorin biyu, ba laifi. Na taɓa ganin an zaro noti 3 daga dama, 2 daga hagu. In cushen ya yi yawa, shakazoba za ta riƙa bugun sama duk sanda aka fito daga rami, taya ta bar ƙasa.

Mai kuma, da yawa baƙin man inji ake ɗurawa, da ido, har sai an ga ya isa. Ya fi man shakazoba kauri nesa ba kusa ba, ga shi da sanyin hunturu yana ƙara daskarewa, sai gaban ya ƙi motsi da asuba, da rana ya saki. Yawansa ma magana ce. Iskar da ta rage a saman mai ita ma sifirin ce, in an cika mai an kore ta, gaba zai sandare tun bai kai rabin tafiyarsa ba. Sirinjin kemis babba ya isa a auna, a zuba daidai wa daida.

Sai girman ƙafa. Boxer da roba-roba inci 17 ne, zubin CG inci 18. Wanda ya sa ƙafa mai inci 18 a gaban mashin mai 17 ya ɗaga gaba da kusan milimita 13, kuma ratar ta ƙaru da wajen milimita 9, wani daga kwanciyar wuya, wani daga girman ƙafar kanta. Ko taya mai tudu da aka sa a madadin siririya tana yin irin wannan, kaɗan.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ba ni sha'awa, wato bambancin ƙasa. Daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa tsaunuka ne da duwatsu da jan burji mai tauri, hanya tana hawa tana sauka, tana lanƙwasa. In ka miƙi gabas ka nufi Babura, har bakin iyakar Nijar, rairayi ne ke karɓar ka. Mashin ɗaya, amma ba abu ɗaya ƙasashen biyu ke nema a wurinsa ba.

A kan ƙasa mai tauri, taya tana taka wuri ɗaya, daidai ƙarƙashin kusa. A rairayi kuwa nitsewa take yi, yashi ya taru a gabanta, sai inda take turo ƙasa ya matsa gaba. Ka tuna ratar duka ba ta wuce faɗin tafi ba. In tayar ta nitse sosai, wurin turawar yakan cim ma alamar sanda har ya wuce ta, ratar ta ƙare ta koma juye. A nan ƙasa ba ta ƙara miƙar maka da kai, murɗe shi take yi, shi ne za ka ji an fizge kan daga hannunka ka tsinci kanka a ƙasa ba ka san yadda aka yi ba. Mutumin Babura ya san maganin tun yana yaro: ya ja jiki baya, ya riƙe wuta kada ya saki, ya bar kan ya ɗan yi wasa a hannunsa. Baƙo kuwa tsoro ke sa shi sakin totur, nauyi ya zubo gaba, taya ta ƙara nitsewa.

Masu ƙera mashinan sahara sun san wannan matsala ta rairayi tuntuni. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, wadda ta tashi a ƙarshen Disambar 1978 ta ratsa Agadas da Yamai, Cyril Neveu ne ya cinye ta a kan Yamaha XT500, mashin mai dogon gaba da ƙafa inci 21. Har yau ƙafar gaban mashinan jeji ke nan. Ba cewa nake a nemo inci 21 a liƙa wa Boxer ba, ba zai ma shiga ba. Amma wanda yawancin tafiyarsa rairayi ce, in zai karkata, to ya karkata wajen ɗagaggen gaba da taya mai ɗan faɗi, ya rage iska kaɗan in zai shiga yashi, ya mayar in ya hau kwalta. Ɗaga baya da sauke gaba, a ƙasar Babura, neman faɗuwa ne da kuɗinka. Mutumin Roni mai hawa da gangara a kan duwatsu ya fi buƙatar gaba mai lotsawa da kyau, wanda ba ya bugun ƙasa in an taka birki a gangare, saboda haka shi mai da sifirin ne abin kulawarsa, ba ƙarin tsayi ba.

Awon da zai gaya maka inda kake ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela da mutum biyu. A ɗaga gaba har ƙafa ta bar ƙasa, a auna daga kusar ƙafa zuwa farantin ƙasa na wuya. A sauke, mai mashin ya hau ya ɗauke ƙafafunsa, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na duk tafiyar shakazobar, wato santimita 3 zuwa 4 a irin namu. In ya kai 6, sifirin ya mutu. In bai kai 2 ba, an cika cushe. A yi haka a baya ma, sau ɗaya ba kaya, sau ɗaya da irin kayan da aka saba ɗauka. Shakazobar baya da yawa tana da matakai a gindinta, galibi 5, da ake murɗawa a ƙara danne sifirinta ranar lodi a sassauta ranar da babu. Na sha tambayar masu mashin, sai in tarar ba su taɓa sanin abin yana juyawa ba.

Kafin duk wannan, a tabbata boris ɗin wuya lafiya yake. A ɗora mashin a jak na tsakiya, a danna baya gaba ya tashi, a juya kan a hankali daga gefe zuwa gefe. In ya ɗan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa gurbi, boris ya ci, kuma ɗaure noti ƙara lalata shi zai yi. Tayar da ta cinye gefe ɗaya, ko wili mai kaɗawa, su ma suna kawo rawa ko da komai na daidai.

Mashin ɗin da ya taɓa karo kuwa sai an yi hattara, domin abu biyu ne ke iya faruwa kuma a ido kamarsu ɗaya: ƙafar gaba ta matso kusa da inji. In bututun shakazoba ne suka lanƙwashe baya, ratar ƙaruwa take yi, kan ya yi nauyi, shakazoba ta riƙa cijewa. In wuyan firam ne ya miƙe, ratar raguwa take yi, kan ya yi sakayau. Na farko ana canza bututu a huta. Na biyu shi ne wanda ake kai wa mai walda ya gasa da wuta ya ja da ido, kuma a nan ni ban da goyon baya. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, idon da zai gane digiri 1 kuwa ban gan shi ba tukuna. Wayar hannu ta yanzu tana auna kwana in ka jingina ta da bututun, a kan daɓen siminti mai daidai. Ko ita aka gwada da wani mashin irinsa da bai taɓa faɗuwa ba, an rage hasashe.

In an canza tsayi, gaba ko baya, a sake duba sarƙa, domin dogayen shakazoba suna canza sakinta, kuma wadda aka ɗaure tamau ba kaya za ta iya tsinkewa in an yi lodi. A duba wayar birkin gaba da ta mita ba su ɗame ba in gaban ya miƙe duka. Fitila ma sai an sake saita ta: digiri 2 na karkata yana ɗaga haske ko ya sauke shi da kusan mita 1 a nisan mita 30, kuma notin saitin yana nan a gindinta ko a gefenta, ƙaramar sifana ke kwance shi.